Ƙafafun da Kaka Yakura ta Gani

"Lafiya lau, Kaka. Ya ƙarfin jiki?"

"Ƙarfin jiki? Ni kake yi wa wannan gaisuwa, kamar wata surukarka?"

Kaka Yakura ta dire farantin gyaɗarta a gindin rumbu, ta tsaya tana haki. Ɗalha, jikanta na wajen ɗanta na fari, yana zaune a inuwa yana tufkar igiya, ƙafar hagu miƙe a gabansa, ta ɗan karkace daga ƙwauri. Wata goma ke nan da ya karye a filin balo, wato ƙwallo, na garinsu Guci, kuma wata goma ke nan bai wuce masallacin ƙofar gida ba. Uwarsa ta yi kuka ta gaji, ubansa ya yi faɗa ya gaji. Ita kuwa tsohuwar, abin da ke cin ranta daban ne. Yaron da tun yana rarrafe yake ja mata zane, wanda ba ya kiranta sai da "tsohuwar matata", yanzu gaishe ta yake yi da ladabi, har da sunkuyar da kai. In jika ya koma yi wa kakarsa irin wannan ladabi, to ya fita sha'aninta. Yau ake buɗe wasannin bana, Guci da Kwaya, ta kuma ƙudura a ranta ba za ta je bakin fili ba sai da shi.

"Tashi ka ɗauki farantin nan, maigida. Shekara ashirin da huɗu ina zaman aurenka, ko zanen salla ban taɓa gani ba. Yau dai ka yi mini dako."

"Ki yi haƙuri, Kaka. A kira ƙanwata Hawa ta kai miki."

"Hawa ce ta aure ni? Wallahi in ba ka tashi ba, gobe da sassafe ina gaban alƙali. In ce a raba auren nan, mijina ya zama turke, an kafa shi a gindin rumbu."

"Allah ya ba ki haƙuri."

"Kar ya ba ni, ina da manema. Akwai wani mahauci a Kwaya, kullum sai ya aiko mini da goro. Mutum mai ƙafa biyu, kowace a miƙe."

Hannun Ɗalha ya tsaya a kan igiyar. Tsohuwa ta gani, ta yi kamar tana gyara ɗankwali.

"Makaho ne mahaucin?" in ji shi, can ƙasa-ƙasa.

"Idonsa ya fi naka."

"To ƙashi ya hango ya zo taya. Ki faɗa masa irin wannan ba ya yin romo, ya kwana biyu."

"Ni ce ƙashi? Ni da samari suka yi dambe a kaina ranar kasuwar Sassumbrum, har aka watsar da tallar mutane?"

"A wace shekara? Kafin a haƙa rijiyar gari ko bayan?"

"Kafin a haifi uban mai rainin hankali."

"Haƙori nawa ya rage miki yanzu?"

"Uku. Kuma kowane ɗaya ya fi ƙafarka tsayuwa daidai."

Maganar ta fita, ta ji kamar ta kamo ta ta maido. Ta zuba masa ido. Ɗalha bai sunkuyar da kai ba. Sai ta ƙara matsawa.

"Ai na gane dabararka. Ranar da na mutu, ku jikoki za ku ɗaura zanena, ku riƙe sandata, ku kwaikwayi tafiyata ku ba 'yan zaman makoki dariya. Kai ka fara koyo tun ina da rai, don ka fi sauran iyawa."

"Ni ɗingishina a gaban jama'a na samo shi, da rana tsaka. Naki fa? An ce katanga kika haura za ki gudu daga gidan kakana, kika faɗa kan turmi."

"Ƙarya suke yi, akuya ce ta ture ni. Kai kuma da kake ta ce mini fili, fili, me ka taɓa yi a filin? Shekara shida kana gudu kamar jakin da aka ɗaura wa gwangwani a wutsiya. Sau nawa ka zura a raga?"

"Sau biyu."

"Ɗaya ma a ragarku ka zura."

Ta jira dariya, ba ta zo ba. Ɗalha ya ajiye igiyar a kan cinya.

"To kin faɗa da bakinki. Me zan je yi? Da aka ci kofi bara, an ba Hisham rago don shi ya fi kowa cin ƙwallo. An ɗauki hoto, ina nan kwance da karare a ƙafa. An karanta sunaye a rediyo, har na mai ɗebo musu ruwa, ban ji nawa ba. Ɗanasabe mai horar da mu ya zo duba ni sau biyu. Zuwan na biyu rigata ya zo karɓa, lamba shida, wai sun sami wani. In je in tsaya a ina, Kaka? A ce ga gurgun nan da ya taɓa yin gudu?"

Kaka Yakura ta dafa rumbu, ta sauka ƙasa a hankali, gwiwoyinta na ƙara. Ta zauna kusa da ƙafar da ta karkace.

"Kai dai jaki ne, kuma jikan jaka. Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, kada a yi mini dariya. Shekara talatin ina saida gyaɗa a bakin filin nan, ban taɓa ganin an ci ƙwallo ba. Ko sau ɗaya."

"To me kike kallo? Aljihun mutane?"

"A ƙasa nake zaune, sakarai. Mutane na tsaye a gabana. Ta tsakanin ƙafafunsu nake leƙe, kuma ƙafafu kawai nake gani. Raga ban san inda take ba, sai in ji ihu in san an ci. Amma ƙafa, babu wadda ban sani ba a Guci. Na san mai gudu don a gan shi. Na san wanda in an zo karo yake janye tasa. Ƙafafun Hisham, rabin wasa a tsaye suke wuri ɗaya kamar na mai jiran mota, takalminsa ko ƙura babu."

"Kar ki zagi Hisham, ya iya."

"Ya iya taɓawa. Wa ke kai masa? Ranar da kuka yi da 'yan Dungas cikin ruwan sama, na ga wasu ƙafafu baƙaƙe, takalmin dama an ɗinke shi da zaren buhu. Sun ƙwato balo tun daga can ƙarshen fili. Mutum uku suka rufa musu, wannan ya shura, wancan ya taka, ba su faɗi ba. Suka ratsa taɓo har suka ɓace mini. Sai na ji ihu. Aka ɗaga Hisham sama ana yi masa kirari. Su kuma ƙafafun nan suka zo bayan farantina suka durƙusa, mai su ya yi ta amai. Na miƙa masa ruwa a kwano, ya kurkure baki, ya koma. Ko sannu babu wanda ya ce masa."

"Ke ma ba ki ce ba. Cewa kika yi kar in ɓata miki gyaɗa."

"Ai ka ɓata."

Daga can bayan gari aka jiyo babura suna shigowa da 'yan kallon Kwaya. Tsohuwa ta kai hannu ta ɗora a kan ƙwaurin, daidai inda ƙashin ya haɗe a karkace. Ba ta taɓa taɓa wurin ba sai yau.

"Ɗalha."

Ya ɗago da sauri. Rabon da ta kira shi da sunansa, ya manta.

"Da ƙashin ya tsage da farko, kafin ya karye, maɗori ya ce kwana arba'in kar ka taka. Ubanka ya kwashe takalmanka ya ba ni in ɓoye, na sa su a ƙarƙashin gadona. A kwana na ashirin da biyu Ɗanasabe ya zo yana roƙo, wai in babu kai Sassumbrum za ta fitar da su. Ka ce masa a'a. Ina tsakar gida na ji ka. Wa ya ce, 'Ashe rago na aura, ɗan targaɗe ya kwantar da shi'? Wa ya shiga ɗaki ya fito da takalman ya jefa maka, yana dariya?"

"Kaka."

"Bari in gama. Wasa nake yi, Allah ya sani. Na ɗauka za ka jefo mini su ka ce in je in buga da kaina. Sai na ga ka sunkuya kana ɗaurawa. Ranar nan ina zaune a wurina, na ga ƙafar nan ta shiga karo, ba ta janye ba. Na ji ƙarar, kamar an karya itace. Kowa na ihu an ci wasa. Ni kaɗai na san bakin wa ya karya ka. Wata goma kana gaishe ni kamar baƙuwa, ban ce ba ka da gaskiya ba."

Ta kau da kai wajen rumbu.

Ɗalha ya daɗe yana kallon hannun da ke kan ƙafarsa, busasshe, duk jijiya.

"Ke kika fito da takalman," in ji shi. "Ni na ɗaura su. Na kuma san abin da maɗori ya ce, ban manta ba. Ba fushi nake yi da ke ba. Tsoro nake ji. In na tsokane ki za ki rama, in za ki rama sai kin ambaci ƙafar, ni kuma ban shirya ji ba."

"Yau na ambace ta sau uku."

"Na ƙirga. Ga shi ban mutu ba."

Ta share ido da gefen mayafi, ta ja hanci.

"To tunda ba ka mutu ba, gyaɗata na hucewa."

"Wannan gyaɗar? Tun zamanin kakana ake saida ta. Kin tabbata ba ita ce ta kashe shi ba?"

"Shi da ya ci ya haifi ubanka. Kai da kake ci kyauta, me ka haifa?"

"Ina zan haihu, an haɗa ni da mata mai haƙori uku?"

Ya dafa rumbu ya miƙe. Sai da ya yi sau biyu kafin ƙafar ta ɗauke shi, ita kuwa ba ta kai hannu ta taimaka ba, don ta san ba zai so ba. Ya sunkuya ya ɗauki farantin, ya aza a kafaɗa, sannan ya miƙa mata ɗaya hannun ya tashe ta.

"Kin ci, tsohuwar matata. Amma da sharaɗi. In mun je, kar ki ce wa kowa mijinki ne ni, akwai 'yan matan Kwaya."

"Su zo su ɗauka. Har da igiyarka zan haɗa musu."

Ta zura hannu cikin farantin ta damƙo gyaɗa ta cusa masa a aljihu. Suka nufi zaure. A bakin ƙofa aka jiyo busar usur daga fili, Ɗalha ya tsaya cak. Titi cike yake da mutane masu tafiya kallo, wasu sun fara waiwayowa.

"Wuce gaba," in ji ta a hankali. "Ina bayanka."

"A'a, zo nan kusa da ni mu jera. In sun ga ɗingishi biyu tare, sai su ce gadon gida ne."

Kaka Yakura ta tuntsire da dariya har ta dafa ƙofar zaure, hawaye na bin kuncinta, ba ta share ba. Ta kama gefen rigarsa, suka fita.