Janar Silvanus da Jiragen Dako

Duk wanda ya zauna a Kafanchan a shekarar 1975 bai san Mista Silvanus ba, to, a tasha ya kwana ya wuce. Shi ne mai duba makarantun firamare na yankin, shi ne ciyaman na kulob ɗin ma'aikata, kuma daga nan har Madakiya shi kaɗai ya taɓa ganin dusar ƙanƙara da idonsa. Wata uku ya yi a Ingila yana kwas, amma ilimin da ya kwaso, in daga bakinsa ka ji, wani sai ya shekara talatin bai samu rabinsa ba. Ya tafi yana cin tuwon acca da hannu, ya dawo yana cigiyar cokali mai yatsu. Ko a zafin watan Maris ba ya tuɓe kwat, don kada Ingila ta fice masa daga jiki.

Cikin tsarabar da ya zo da ita akwai wani ƙaton kwali. Wasan yaƙi ne na sararin sama. Baƙin allo ne mai faɗin tebur, an zana taurari da duniyoyi a kai. Kowane ɗan wasa a ba shi duniya ɗaya, a kowane zagaye ya zaɓi abin da zai ƙera, ko jirgin yaƙi mai bindiga, ko jirgin kaya mai ɗaukar guzuri. Wanda ya riga kama duniya bakwai ya ci. Sai dai akwai wata doka: rundunar da ta wuce zango uku daga gida ba jirgin kaya a bayanta, kowane zagaye a cire mata jirgi ɗaya, yunwa ta cinye shi ke nan.

Ranar da ya buɗe kwalin a kulob, sai da ya yi jawabi.

"Jama'a, wannan ba ludo ba ne. Wannan gem na manyan ofisoshi ne. Mutanen da ya je wata, da irin wannan suka fara. Yana bukatan ƙwaƙwalwa, kuma da izinin Ubangiji, ƙwaƙwalwan ya iso Kafanchan."

Muka tafa. Tun daga ranar ake kiransa Janar na Samaniya a bayan ido. Da sunan ya kai kunnensa bai yi fushi ba, ya dai ce a riƙa faɗa a gabansa.

Gaskiya wasan akwai wuya. Littafin dokokinsa shafi arba'in da takwas ne, da rubutu ƙanana kamar tururuwa. Hedimastoci biyu aka ɗora wa nauyin zama abokan wasan Janar, Malam Luke da Malam Eli. Bayin Allah, sun sha wuya. Sati uku rundunoninsu na ƙarewa a hanya ba su san dalili ba. Luke ya ari littafin ya kwafe shi kaf da hannu, su biyu suka riƙa gwadawa a gida da marafan kwalba a kan takardar siminti. Sun faɗi sun tashi har suka gane sirrin: fara da duniyar da ke kusa, tara guzuri, kada ka kai ƙafa inda cikinka ba zai kai ba. Daga nan wasan ya shiga ransu, har matansu suka fara ƙorafi.

Shi kuwa Janar bangon littafin ya karanta da shafin farko. Ya ce manuwal na ƙananan ma'aikata ne. Da Luke ya yi masa zancen jirgin kaya cikin ladabi, sai ya zare lofe daga baki ya dube shi sama da ƙasa.

"Luke, ni siniya sabis ne. Ban haye teku don in zama ɗan dako ba. Ka taɓa ganina da buhu a kai?"

Ba a taɓa gani ba. Ko jakar ofis ɗauko masa ake yi.

Nan fa hedimastocin suka gane wahalar wasan biyu ce. Koyonsa ita ce ƙaramar. Babbar ita ce yadda za ka faɗi a hannun mutumin da ke kashe kansa tun ba ka taɓa shi ba. Cin sa kuwa ba ya cikin lissafi. Kowa na tune da wani malami da ya taɓa cin Janar a wasan dara a gaban mutane. Kafin hutu ya ƙare ya tsinci kansa a wata makaranta bayan Kagarko, inda mota ke zuwa ranar kasuwa kawai, ita ma in damina ta yarda. Luke na da 'ya'ya shida, Eli na gini.

Sai suka raba aiki. In Janar ya juya yana kunna lofe, Eli ya tura jirgin kayansa da ɗan yatsa ya bi bayan rundunar oga. Luke kuma ya riƙa aika jiragensa ɗaya bayan ɗaya bakin bindiga, yana dafe kai yana cewa yau ma an gama da shi. Wata Asabar sai da suka yi awa huɗu suna zufa kafin su samu su faɗi. Ban taɓa jin tausayin masu ilimi kamar ranar ba.

Da nasara ta kai ashirin da ɗaya a jere, kai ya kumbura har hula ta yi kaɗan. Janar ya miƙe a taron kulob, ya dafa kujerar ciyaman, ita kaɗai mai hannu da katifa, ita kaɗai a ƙarƙashin fanka, ya ce ranar da wani mahaluki ya ci shi a wannan wasa, ranar zai sauka daga kanta. Ya sa sakatare ya rubuta a littafin taro, ya sa hannu, ya buga hatimi. Wannan kujera kuwa ita ce ransa. Ofis na gwamnati ne, ana iya ɗauke shi gobe, amma a kanta yake yanke wa gari hukunci kan komai, daga ƙwallo har wa'azin Lahadi.

To, akwai wani dattijon Bafulatani, Babayo, da ke yi wa Janar kiwon shanu huɗu a rugarsa. Duk Asabar da rana yakan zo ya gaishe shi ya faɗa masa lafiyar dabbobi. Janar kan bar shi a baranda yana jira, don babban mutum ba ya amsa sallama da wuri. Wata biyu Babayo na tsaye a bakin taga, ya tokare haɓa da sanda, yana kallon allo.

Wata Asabar kulob ya cika. Janar ya ga dama ta nuna wa jama'a bambancin boko da jeji, ya sa aka kira Babayo ciki. Don kada a ce an cuci baƙo, ya naɗa Luke alƙali, ya damƙa masa littafin, ya ce a bi doka sak. Ya kori Eli can bayan mutane, wai kada ya raɗa wa Bafulatani dabara. Eli ya tafi yana waiwaye kamar mai barin mara lafiya. Babayo ya zauna a bakin benci, ya yi tambaya biyu kawai, wanne ne mai ɗaukar abinci, kuma zango nawa ake yi kafin a ji yunwa.

Janar ya ƙera jiragen yaƙi goma sha biyu, ya jera su, ya ba na gaba sunansa, ya tasar wa ɗaya gefen allo. Babayo ya ƙera na kaya. Ya matsa duniyar da ke kusa ya zauna, ya ƙara na kaya, ya sake matsawa kaɗan. Aka yi ta dariya, wai ko a sama ma Bafulatani ƙaura yake yi.

A zango na huɗu Luke ya yi tari. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ido arba'in na kan allo, ba yatsan da zai motsa a ɓoye. Ya buɗe shafi na talatin da ɗaya, ya karanta, ya ɗauke wa Janar jirgi ɗaya. Ya ce a hankali, in oga ya juya yanzu, saura za su kai gida.

"Janar ba ya ribas," in ji Mista Silvanus.

Ya ƙara gaba. Aka ɗauke na biyu, aka ɗauke na uku. Kwat ta jiƙe sharkaf, lofe ya mutu ba a sake kunnawa ba. Mai sunansa ne na ƙarshe, ya ƙare shi kaɗai a tsakiyar baƙin allo. Babayo ya kama duniya ta bakwai bai harba bindiga ko sau ɗaya ba. Ya ɗan rusuna.

"Maigida, a yi haƙuri. Mu dai ba mu kora shanu inda ba mu san mashaya ba."

Da wani ne, da ya sauka daga kujera. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa. Janar ya ce Luke bai fahimci Turancin ba, don Turancin littafi daban, na Ingila daban. Ya ɗaukaka ƙara zuwa ga kamfanin da ya yi wasan, ya ce yana nan kan kujera sai an ji daga can. Wasiƙa shafi huɗu ya rubuta. Bai ce shi ne ya faɗi ba, ya ce wani ɗan wasa ne mai hazaƙa aka zalunta, ya sa hannu da cikakken muƙaminsa na mai duba makarantun firamare.

Bayan wata uku amsa ta iso. Bai buɗe ba, don me zai buɗe abin da ya riga ya sani? Ya tara kulob duka, ya aika aka kira Babayo, ya hakimce a ƙarƙashin fanka. Ya miƙa wa Luke ambulan, ya ce ya karanta da ƙarfi, ya kuma juya da Hausa don wanda bai je makaranta ba ya ƙaru.

Luke ya karanta. Kamfani ya gode, ya ce alƙalin ya yi daidai, dokar a fili take. Sakatare ya jawo littafin taro ya buɗe shafin nan mai hatimi. Janar ya dafa hannun kujera ya fara miƙewa a hankali, gwiwa na ƙara. Luke ya so ya naɗe takardar, jama'a suka ce a ƙarasa.

Saura layi uku ne. Sun ce sun ji daɗi ƙwarai da wasan ya kai ga 'yan firamare, tunda dama don yara 'yan shekara goma aka yi shi. Kuskuren barin guzuri kuwa kusan duk yaro da shi yake farawa. A gaya wa ɗalibin kada ya karaya, a dai samu wani babba ya riƙa zama kusa da shi har ya iya.

Babayo, wanda bai san zambo ba, ya gyara riƙon sandarsa, ya ce in dai ranar Asabar ce, shi yana da sarari.