Nomau da Hannun Gem Marar Waya

A Tungar Bagaruwa, in ka bi layin masu gyaran keke har bakin rijiya, gidan da ke kallonka shi ne gidan Inna Tabawa. 'Ya'yanta biyu ne, duk maza. Babban shi ne Sallau mai gyaran rediyo, wanda Inna ba ta kama sunansa saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce Mai Rediyo. Ƙaramin shi ne Nomau, magidanci da gemunsa da matarsa Ladidi. Nomau ba mahaukaci ba ne, kada wani ya ɗauki alhakinsa. Biyayya ce kawai ta yi masa yawa. Abin da ka faɗa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, ba kuma tunani a tsakani. Tela ya kore shi, mahauci ya kore shi, mai shayi ma ya gwada shi ya ce a kai kasuwa.

Wuri ɗaya ne Nomau ya zauna lafiya, shagon da ke jikin gidansu, mai ƙofa ɗaya ta waje ɗaya ta tsakar gida. Nan Sallau ya ajiye tsohuwar talabijin da tsohon injin gem mai cin kaset, samari suna taruwa suna buga gem ɗin dambe. In kaset ya ƙi tashi, Nomau ake miƙa wa ya hura masa iska, kuma duk garin an yarda ba mai hurawa kamarsa. To amma hannun gem ɗin doguwar waya gare shi, kullum tana shimfiɗe a bakin ƙofa. Ranar tsautsayi Inna ta biyo ta nan da ƙwaryar kunu, waya ta harɗe ta. Kunu ya yi gabas, Inna ta yi yamma, injin ya bi Inna.

Da ta tashi ta karkaɗe zane ta ce, "Mai Rediyo, albasata ta kusa isa cira. Ranar da amalanke ya tsaya a ƙofar gidan nan, in na tarar da igiyar nan tana jan ƙasa, albasa ta shiga shagon, ku ku fita. Nomau kuma shi zai riƙa juya min ita yana tsince ruɓaɓɓu."

Nomau dai ko daga nesa ya ji warin albasa sai ya yi hawaye. Sallau ya ce ya kwantar da hankalinsa, za su ƙera hannun gem da ba ruwansa da waya: akwati, sanda a tsakiya, manyan maɓallai, batir a ciki da za a riƙa yi wa caji, da wani ɗan allo da zai riƙa magana da injin ta iska. "Kai dai ka yi abin da na ce." Nomau ya ce, "Ai shi na iya, Yaya."

Wata rana Sallau ya ce, "Je ka nemo min akwatin katako mai kyau, wanda babu mai taɓa shi." Nomau ya zaga gari, duk akwatin da ya gani sai ya tarar ana taɓawa. Can bayan gari ya hango wani a kan tsamiya. Ya toshe ƙofarsa da hularsa, ya ɗauko a ka, akwati yana ta guɗa a hanya. Ya dire a gaban Sallau ya zare hula. Kafin ƙiftawar ido shago ya cika da ƙudan zuma, Sallau ya fita ta ƙofar waje ya dawo ta zaure ya faɗa bayan randar Ladidi. Da la'asar fuskarsa ta tashi kamar fanke.

"Kai Nomau, me na yi maka a duniya?"

"Yaya, sai da na tambaya. Duk wanda na gamu da shi ya ce shi dai ba zai taɓa ba."

Aka kori zuma da hayaƙi, Ladidi ta kwashe saƙar. Katakon kuwa, gaskiya, mai kyau ne.

Wata rana Sallau ya ɗauki gawayi ya ɗiga wuraren da maɓallai za su zauna a murfin akwatin, ya miƙa wa Nomau abin huda katako. "Duk inda ka ga ɗigon baƙi, huda." Ya ja tabarma ya kwanta yana jinyar fuska. Nomau ya huda na gawayi. Ya duba da kyau, ashe ƙuda ma ya yi nasa ɗigon, zuma ta yi nata. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har murfi ya koma rariya. Ya ɗaga kai ya ga ƙwaryar Ladidi mai zane, ya huda. Ya ga wani ɗigo a kujerar 'yan kallo, ya huda. Sallau yana cikin barci ya ji sanyin ƙarfe a wuyansa, daidai inda yake da tawadar Allah. Ya buɗe ido ɗaya, don ɗayan bai gama sacewa ba.

"Kada ka motsa, Yaya. Saura wannan."

Sallau ya karɓe ƙarfen a hankali, yana salati. Dole ya kife akwatin, gindi ya koma sama, rariya ta koma ƙasa. Ya ce, "To, batir dai ba zai yi kukan zafi ba."

Wata rana aiki ya kai kan sanda. Sallau ya riga ya jera 'yan makunnai huɗu da ya ciro daga matattun rediyo, gabas da yamma, kudu da arewa, ya like su da dalma, saura abin da zai riƙa tura su. Ya ce, "Samo min sanda mai santsi, wadda hannu ya daɗe yana murza ta." Nomau ya tsaya ya yi nazari. Duk Tungar Bagaruwa babu sandar da ta sha murza kamar muciyar Inna, wadda ta zo da ita tun tana amarya. Ya shiga gida ya tarar da ita tsaye a tukunya, Inna ta zaga ɗebo ruwa. Ya sa zarto ya yanke ta a tsakiya, ya bar wa tuwo rabonsa. Sallau ya karɓa, ya juya ta, ya ce, "Yau kam ka yi abin kai." Ya kafa ta, ta zauna ɗas. Sai ga muryar Inna daga madafa tana tambayar wane marar tsoron Allah ne. Nan da nan Sallau ya naɗe sandar da baƙin salatif tun daga sama har ƙasa.

Tuwon ranar gudaji ne zalla. Inna ta ce, "Wanda ya yanke min muciya, Allah ya haɗa mu tun a duniya." Nomau ya buɗe baki zai taimaka wa addu'a, Sallau ya cusa masa loma. "Kada ka ƙara buɗe bakin nan sai in tuwo za ka sa." Kashegari har liman ya gaishe shi, Nomau ya bi shi da ido kawai, sai da Sallau ya janye dokar.

Wata rana Sallau ya ciro batir daga tsohuwar fitilar caji, ya zaunar da shi a cikin akwatin, ya jona shi da wutar sola. Wata 'yar fitila ja ta kama. "Zan je kasuwa. Kada ka ɗauke ido daga kan wutar nan sai ta koma kore." Nomau ya durƙusa ya kafa ido. Ladidi ta kira shi cin abinci, ya ce ta kawo ta sa masa a baki. Ƙuda ya sauka a hancinsa ya yi sallar nafila ya tashi. Can wata kaza ta shigo ta bi ta bayansa, wani abu ya ce ƙwas, wutar ja ta mutu. Nomau ya ci gaba da kallon wurin. Da Sallau ya dawo ya same shi idanu jawur, hawaye har gemu.

"Ba ka ga kaza ta fizge caja ba?"

"Na ji dai, Yaya. Gani ne ban yi ba."

"To me ya hana ka mayar?"

"Tana bayana. Idona yana gaba."

Wata rana aka gama haɗa komai. Sallau ya taɓa sanda, ɗan damben da ke talabijin ya matsa, ba waya ba dalilinta. Ya rasa inda zai sa kansa don daɗi. Ya ɗora wa Nomau akwatin a hannu. "Bari mu ga iya nisan da yake ji. Yi ta ja da baya kana dannawa har sai na ce tsaya." Nomau ya fara ja. Yana fita ƙofa wani ya shigo da rediyonsa mai tari, Sallau ya duƙufa. Nomau ya wuce rijiya da baya, ya ratsa masu gyaran keke da baya, ya ture tiren mai ƙosai ya ba ta haƙuri bai tsaya ba. Ya gangara fadama, ya taka kwamin albasa, ya shiga tafki har ruwa ya kai masa ƙirji, akwati a ka, yatsa yana dannawa. Kawu Barau, ƙanen Inna mai noma mata albasar, ya daka masa tsawa ya tsaya.

"Kawu, ka yi haƙuri, ba kai aka ce ka ce ba."

Sai da Kawu Barau ya kira Sallau a waya ya kara wa Nomau a kunne, ruwa yana taɓa gemu, sannan aka ji "tsaya". Nomau ya fito ya ga buhuna jere a bakin gona. Kawu ya ce gobe amalanke zai shigo gari. Nomau ya koma gida yana hawaye, rabi na albasa rabi na kansa.

Wata rana, ita ce goben, samari suka cika shago tun da hantsi. Sallau ya ƙulle tsoffin wayoyi a buhu, ƙasa fes. Amma Ladidi ta raɗa musu cewa Inna ta rantse, da waya ko ba waya sai albasa ta shiga, don zuciyarta ba ta huce da maganar muciya ba. Sallau ya sa takalmi zai tari amalanke a hanya ya roƙi Kawu ya ɗan ja ƙafa. Ya bar gem ɗin daidai kan wani ƙato mai jan wando, wanda tun da aka kawo injin ba a taɓa kayar da shi ba. Samari suka fara kokawar wanda zai riga. Sallau ya waiwayo daga ƙofa ya ce, "Nomau, kada su yi faɗa. Ka ba babba ya fara."

Cindo, gwanin shagon, ya miƙo hannu ya ce shi ne babba. Nomau ya dube shi sama da ƙasa. Ya rungumi akwati ya bi ta ƙofar tsakar gida, ya dire shi a cinyar Inna, tana zaune a tabarma tana tsince wake.

"Mene ne wannan kuma, ɗan nema?"

"Yaya ya ce babba ya fara."

Inna ta ɗaga hannu za ta ture, hannun ya sauka kan sanda. Tun wankan tafki salatif ya saki, ga itace a fili, ga tabon wuta da ta sani tun tana amarya. Ta ce, "Wannan ai muciyata ce." Ta damƙe ta, don haushi ta juya ta irin juyin da aka hana ta. Ta cikin ƙofa ana hango talabijin, ɗan dambe ya yi wata katantanwa ya watsa wa ƙato wuta. Inna ta ƙura wa talabijin ido.

"Wane ne wancan mai rawar?"

"Ke ce, Inna."

"Mai jan wandon fa?"

"Shi ke dukanki."

"Ni?"

Ta ture faifan wake, ta gyara ɗaurin zane. Ta shiga tuƙi, hannun dama yana zagaye, na hagu yana marin maɓallai kamar tana gyara malmala. Ƙato ya taso, ta tuƙa. Ya sake tasowa, ta ce, "Gudaji ne kai, na ga iyayenka," ta murƙushe shi a gefen tukunya. Ƙato ya faɗi warwas bai tashi ba. Cindo ya cire hula ya riƙe a hannu.

Daidai nan amalanke ya tsaya a ƙofar gida, Sallau yana biye da shi yana magiya. Kawu Barau ya leƙo ya ce, "Yaya Tabawa, ina za a sauke?"

Inna ba ta waiwaya ba, don wani sabon ƙato ya fito. "A zaure. Ba ka ga ana aiki a shago ba?"

Sallau ya jingina da bango. Da ya ga samari sun yi layi har rijiya, ya matso ya ce a hankali, "Nomau, karɓo musu akwatin hakanan."

"Yaya, ka ce babba ya fara. Ba ka ce ya gama ba."

Ranar nan Ladidi ce ta yi tuwo, da sabuwar muciyar aro. Inna ba ta tashi ba sai da 'yar fitila ta koma ja. Ta miƙa akwatin ta ce, "Mai Rediyo, muciyata ta ji yunwa, a ba ta wuta. Nomau ya tsare min ita, shi ne mai jin magana a gidan nan." Nomau ya durƙusa ya kafa ido. Sallau ya je da kansa ya kama kazar ya kife ta da kwando.

Ƙurunƙus kan muciya.