Doyar da Na Kora

Ni ne mai sa ido kan bin ƙa'ida a kamfaninmu na inshora, ni na haramta karɓar kyautar kwastoma. Rannan mai gadi ya ce, "Oga, wani tsoho ya kawo maka doya."

Ko leƙawa ban yi ba. Na tara ma'aikata, na yi wa'azi kan cin hanci har da dukan tebur, na ce a kore shi da kayansa.

Sai ga wayar matata: "Babana ya taso tun daga Karshi da doyar gonarsa, ka sa an kore shi?"

Na je na durƙusa, ya haƙura. Amma har yau in aka kawo min tuwo a gidansa, sai ya ce, "Ku tambaye shi tukuna, ofis ya yarda ya ci?"