Bakin Waya Biyu, Akwati Ɗaya

Ranar da muka ƙaro kwamfuta uku a shagonmu na Kiru, na ce ba za a kira mai gyara ba. Ni da nake haɗa injin ban-ruwa, akwatin raba intanet mai rami takwas ne zai gagare ni?

Na jona wayoyin. Na ga wani bakin yana reto, shi ma na cusa. Nan take intanet ya ɗauke, layin masu cike fom har bakin titi.

Dole aka kira mai gyaran. Ya bi wayar, ashe bakinta biyu duk a akwatin suke. Ya ce, "Malam, ai da kanta ka ɗaura mata aure."

Har yau yayana da "Liman" yake kirana. Ya yi ta kira. Ni dai rami na gani, na cike.