Ɗantala da Waken Dakta Zulai

A ƙauyenmu akwai wani Ɗantala, da matarsa Ladidi da akuya ɗaya, kuma akuyar ta fi shi dabara. Aiki bakwai aka kore shi. Da ya samu na takwas a gidan binciken noma, Ladidi ta ce, "Malam, aka sake koro ka, gidanmu za ka same ni."

Uwar ɗakinsa Dakta Zulai ce. Wake take shukawa a tukwane, ta tsinto ƙwayar halittar ganye guda, wadda ido ba ya gani, ta ɗiga mata ruwan jinin zomo. In sinadarin da wake ke yi lokacin ƙishirwa yana ciki, launi ya juya. Wata shida tana ɗigawa, ko gezau.

Wata rana ta ce, "Tsinko mini ganye, kada hannunka ya taɓa shi." Sai ga shi, hannaye a baya, ganye a haƙori.

"Yawu fa, Ɗantala?"

"Ba ki ambaci baki ba, ranki ya daɗe."

Wata rana ta ce, "Zomon nan ya fi ka daraja. Duk abin da yake so ka ba shi." Zomo kuwa ya leƙa rumfar wake. Ɗantala ya buɗe masa ƙofa, har da "Bismilla". Tukunya arba'in ta koma goma.

Wata rana tafiya ta kama ta. Tana sauri ta nuna tukwanen da yatsa. "Ka riƙa ba wannan ruwa." Shi ko gogan ya bi yatsan da ido har kan tukunya ɗaya. Ita ya shayar, kwana tara.

Ta dawo ta tarar da sauran sun yi laushi kamar tsumma. Da can kwana biyu kacal take hana su ruwa, don tsoron kada su mutu.

Ta ce masa, "Tattara kayanka."

Don takaici ta yanki ganyen da ya yanƙwane, ta ɗiga. Launi ya juya nan take. Ta gwada na tukunya mai ruwa, shiru. Ta fito ba takalmi, tana dariya tana haki.

"Ɗantala, ajiye kayan nan. Kada ka motsa daga gidan nan."

Har la'asar yana tsaye ƙiƙam a tsakar gidan binciken. Ladidi ce ta kawo masa tuwo.