Ranar da na goge muryar Baba

Saboda masu tare hanyar Matankari, na kulle kwamfutata da lambar sirri biyu: ɗaya ta buɗe, ɗaya ta goge komai in an ɗora mini bindiga. Kullum ina bitar ta biyun da yatsu, ina cika wa abokai baki a fada, wurin hirarmu.

Ranar sadakar Baba, dangi suka taru su ji muryarsa, wadda babu ita ko'ina sai cikin kwamfutar. Na tsaya jan aji. Gwaggo ta daka mini tsawa: "Kai, buɗe muna!" Yatsuna suka buga wadda suka saba.

Inna ta tashi ta shige ɗaki.

Har yau, in wani ya ɗaga mini murya, sai Gwaggo ta ce: "Ku lallaɓa shi, kada ya goge mu."