Lambata ta Buro da Sunan Jikana

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan jikana a Tsibiri ba, ko da na so mantawa mutanen gari ba za su bari ba.

Ni dai lakwal, wato makarantar boko, aji huɗu na yi aka kore ni (malamin ya ce kaina ya cika, ni ma na yarda). Amma na yi aikin planto, wato masinja, a wani buro, ofis ke nan, nan Maraɗi har na tsufa, ina share ordinata, wadda wasu ke ce wa kwamfuta, ina kallon masu latsa ta. A can kowace na'ura da lambarta ta shiga rezo, wato hanyar intanet, wasu alƙalumma masu ɗigo-ɗigo a tsakani. Ta kusa da ƙofa, wadda nake gogewa, na haddace lambarta kamar Fatiha. Da ɗana Sani ya aiko mini da ordinata ta hannu daga ƙasar da yake karatu, sai na bi hanyar da na ga ana bi, na cusa mata lambar nan da hannuna. Ai mutum ba ya yar da lambarsa don ya aje aiki.

Matar Sani ta haihu, shi kuwa ya rantse ba zai faɗi suna ba sai yana kallon fuskokinmu. Aka ce a kira shi a waya. Na ce haba, waya allon yara ce, dattawa a babban allo za su gan shi. Na hau kabu-kabu da ordinata a ƙirji kamar jariri, sai gidan da ake sunan.

An shimfiɗa tabarmi, Liman ya zauna, rago na ɗaure, mahauci na wasa wuƙa. Na haɗa da akwatin wifi na gidan. Alama ta ce an haɗu. Sani ya bayyana, ya buɗe baki ya ce, "Baba, sunan yaron..." sai ya daskare, baki buɗe. Ya dawo, ya sake daskarewa. Saƙo na shiga, hoto ba ya tafiya.

Na gyara hula na ce, "Jama'a, ku ne kuka shanye rezon. Kowa ya kashe wayarsa." Aka kashe, har Liman. Abu ya ɗan motsa, wani ya kunna tasa a ɓoye, ya sake tsayawa.

Alhaji Idi, abokina na Jiratawa, ya ce, "To injiniya, ragon nan fa ya fara sa rai da tsira."

Sai na tuna rezo na son tudu. Aka jingina tsani, na hau soro da babbar riga, na ɗaga ordinata sama da hannu biyu ina juyawa gabas da yamma. (Wata tsohuwa ta ɗauka addu'a nake, ta dinga cewa amin.)

Daga ƙasa jikata Rakiya, wadda ke jami'a, ta ɗaga murya: "Angona, sauko kafin in zama gwauruwa!"

Na sauko. Ta latsa nan ta latsa can, sai ta tsaya. "Wa ya rubuta wannan lamba da hannu?"

Na ce, "Tawa ce. Ta buro."

"Kaka, akwatin gidan nan shi ke raba wa kowa lamba. Wannan lambar taka ya riga ya ba wayar wani. Ka zo gidan biki ka zauna kan tabarmar da aka ba baƙo, kuna ta ture juna." Ta latsa wuri guda. "Otomatik ake barin ta."

Sani ya fito tas, har da ƙurjin goshinsa. Bai san me aka yi ba, ya ce, "Sunan Baba na sa masa."

Liman ya shafa Fatiha yana cije leɓe. Alhaji Idi kuwa har ya kwanta don dariya.

Kun san ba a kiran sunan kaka gatsau a gida, dole a nema wa yaro laƙabi. Kafin a gama fiɗar rago mata sun samo. Yaron yanzu yana tafiya, kuma duk Tsibiri ba wanda ya san shi da wani suna sai Otomatik.

Abin da na koya: in ka je gidan mutane, bari mai gida ya nuna maka wurin zama. Lambar kuwa har yau tana kaina, ban dai ƙara ba kowa aronta ba.